Kun Yi Mini Kara da Gadarku

Al Thumama, Doha
Watan Rajab

Zuwa ga Yayana Nasidi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da Anti Atine da yara. Yaya jikin Inna? Ƙafar ta daina yi mata tsami da safe? Yaya hanya, yaya adaidaita? Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan lafiya lau. Bilqis ta shiga makaranta, yanzu ita ke gyara wa babanta Larabci.

Za ka yi mamakin wasiƙa daga wadda take da lambar wayarka. Kai ka jawo. Duk ranar da na kira ka da magana mai nauyi, kafin in kai tsakiya sai in ji "ga Inna", ka miƙa mata waya ka tsere. To, Inna ba ta karanta boko, wannan karon dole ka ji ni har ƙarshe.

Hanyar nan da ake ta yayatawa a rediyo, wadda za a haƙa ta ƙarƙashin kogin garinmu, kamfanin da nake yi wa aiki a Lusail ne aka ba tsara ta. An sa ni cikin masu aikin saboda lissafin zirga-zirgar motoci shi ne fannina, kuma ni 'yar garin ce. Ranar da aka faɗa mini har hawaye na yi don murna. Da na buɗe zanen, murnar ta koma ciki.

Ga abin da ba a faɗa muku a rediyo. Ramin na motoci ne kawai. Ba adaidaita, ba babur, balle mai tafiya a ƙasa ko mai tura kura. Wannan ban kira shi mugunta ba, haka dokar irin wannan rami take saboda hayaƙi da gudu. Muguntar tana gaba. Wai bakin ramin yana buƙatar fili, saboda haka za a rushe tsohuwar gada. Gadar da kake ƙetarawa da fasinja tun safe, gadar da Inna ke bi zuwa asibiti. In aka rushe ta, sai dai ka zagaya har gadar bayan gari, kuma ka fi ni sanin babu fasinjan da zai yarda da wannan zagayen.

Na sami shugaban sashenmu, sunansa Rashad. Ba shi da mugun hali, amma bai taɓa ganin garinmu ba sai a taswira. Ya ce cunkoso zai ragu, motocin kaya za su daina kwana a bakin kogi. Na ce masa gaskiya ne, amma na ɗan lokaci, ya leƙa taga ya gani. A nan Doha duk titin da aka faɗaɗa, ba a jimawa motoci sun cika shi, don sabuwar hanya mota take kira. Na ce kuma mafi yawan masu ƙetare koginmu ba su da mota. Wai ai za su saya, haka ci gaba yake. Ya ce khalas, wato magana ta ƙare, ya juya ga kwamfutarsa. Na tsaya ina kallon ƙeyarsa ina tunaninka da sayen mota, na rasa dariya zan yi ko kuka.

Don Allah ka fara yi wa abokan sana'arka bayani. Ka gaida Inna, ka ce ta riƙa shan maganinta ba sai an yi faɗa ba. Ka gaida Kawu Mai Unguwa.

Ƙanwarka,
Muhsina

*

Al Thumama, Doha
Watan Sha'aban

Yaya Nasidi,

Ina gaishe ka da kyau. Yaya gida, yaya Inna da jiki? Na ji an ce Anti Atine ta yi fama da zazzaɓi, Allah ya ƙara sauƙi.

Na ji saƙon muryarka. Wai unguwa ta ɗauka ana murna, wai Doha ce za ta zo gida, wai Kawu yana bin majalisa majalisa yana cewa 'yar ƙanwarsa ce ta zana hanyar. Yaya, na aiko maka da gargaɗi, ka mayar mini da kirari. Ka karanta wasiƙar kuwa, ko ka goge gilashin adaidaita da ita?

Kada ka ɗauka a nan an fi ku. Ranar Juma'a da yamma mun haɗu da 'yan gida a kasuwar Souq Waqif muna shan shayi, maganar ta taso. Dakta Abdulhakeem, wanda ya yi aiki a asibitin garinmu kafin ya zo nan, ya taso mini haiƙan. Ya ce da idonsa ya ga mai naƙuda ta rasu a cikin mota a tsakiyar gadar nan, cunkoso ya hana gaba ya hana baya. Ya ce mu 'yan boko in mun zo waje mu hau titi mai kyau, in an ce za a yi a gida mu ce bai dace ba. Maganar ta taɓa ni, don ba ƙarya ya yi ba. Na ce masa ni ban ƙi rami ba. A haƙa, motoci su bi ƙasa, a bar wa talaka gadarsa a sama. Ya ce to in faɗa wa kamfanina mana. Sauran suka yi dariya, don kowa a teburin ya san abin da ake nufi da iƙamarka, takardar izinin zama, da ta 'yarka su kasance a hannun kafil, wato wanda ya ɗauke ka aiki. Aka sake zuba shayi aka koma hirar ƙwallo.

Yanzu ka buɗe kunne. Akwai wani zanen, ni na yi shi, wanda ya matsar da bakin ramin zuwa filin da ke bayan tsohuwar mayanka, gada ta tsira. Ya fi ɗaukar lokaci, shi ya sa aka ture shi gefe. Amma masu ɗaukar nauyin aikin suna da ƙa'ida: in mazauna wuri suka tashi a taron jin ra'ayin jama'a suka ce ba su yarda ba, dole a dawo da zane a sake dubawa. Ba sai kun yi zagi ko jifa ba. Mutum ya miƙe, ya faɗi sunansa, ya ce bai yarda a rushe gada ba. Shi ke nan.

Za a yi taron bayan ƙaramar Sallah a makarantar firamaren unguwa. Rashad ya ce za a haɗa mu ta bidiyo daga nan, ni zan gaishe ku da Hausa in yi bayanin zanen kamfani. Ba ni da ikon ƙi, ba ni da ikon sukar zanen da bakina. Saboda haka ina roƙonka don girman Allah, in kun ga fuskata a allo, kada ku yi mini kara. Ku musa mini. Ku ƙure ni da tambaya har in rasa amsa. Babu wanda zai kore ni don mutane sun ƙi, ai ba ni ce na ƙi ba. Ka faɗa wa Kawu haka da bakinka, kada ka aika.

A gaida yara. Allah ya kai mu azumi lafiya.

Taka,
Muhsina

*

Al Thumama, Doha
Watan Shawwal

Yaya,

Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Ina fata kowa lafiya. Inna kam ba sai na tambaya ba, na gan ta da idona a layin gaba cikin sabuwar atamfa.

Na daɗe ina juya abin da zan rubuta maka. Raina a ɓace yake, kuma ba zan ɓoye maka ba.

Duk na gan ku. Na ga zauren makaranta cike. Na ga 'yan adaidaita sun jeru jikin bango, na ga Anti Atine da matan da ta tara, na gan ka kusa da ƙofa da hularka ta Juma'a. Zuciyata ta yi sanyi, na ce Yayana ya yi aiki. Sai aka kunna kyamararmu, fuskata ta fito ƙatuwa a bango, zauren ya ɓarke da guɗa.

Na yi bayanin kamar yadda aka umarce ni, amma ka shaida ban ɓoye komai ba. Sau nawa na maimaita cewa za a rushe gada? Na faɗa a hankali, na tsaya, na sake faɗa, har Rashad ya raɗa mini yalla, wato in yi sauri. Ina gamawa, kafin jami'in taron ya rufe baki daga tambayar ko akwai mai magana, Kawu ya miƙe ya gyara babbar riga. Ya ce wannan yarinya tasu ce, a gabansu ta girma, su suka yi mata addu'a ta tafi. Ya ce abin da 'yarsu ta kawo, ko mene ne, sun karɓa hannu biyu, kuma ba a haifi wanda zai kunyata ta a gaban iyayen gidanta ba. Ya yi wa baƙi addu'a ya zauna. Ka san wa ya fassara wa Rashad wannan jawabin zuwa Turanci? Ni. Kalma bayan kalma, da bakina, ina murmushi saboda kyamara tana kaina.

Jami'in ya sake tambaya ko akwai wanda bai yarda ba. Na zuba maka ido, Yaya. Na san ka san kai nake kallo. Ka sa hannu ka dafa kujerar gabanka kamar za ka tashi, sannan ka sunkuyar da kai kana duban takalminka. 'Yan bango suna jiran ka fara, matan suna jiran maza. Aka shafa fatiha aka watse.

Na ji uzurin da ka aiko. Wai ba ka iya miƙewa ka warware maganar Kawu a gaban baƙi bayan ya zauna. Wai da ka ga ni kaɗai a tsakiyar waɗannan mutane masu kwat, sai ka ji tausayina, ka ji tsoron kada a huce a kaina. Wai ka yi niyyar ka sami Kawu a gida daga baya a gyara. A gyara a ina? Waɗannan mutanen ba su san zaure ba, ba su san a bari sai baƙi sun tafi ba. Abin da aka faɗa a gaban kyamara shi ne maganarku har abada.

Na san don ƙauna kuka yi. Wannan ne ma ya fi ci mini rai, don da ƙiyayya ce da na san yadda zan yi da ita. Na roƙe ku abu ɗaya, ku ba ni kunya ta yini guda, kuka ga mutuncina ya fi abincin 'ya'yanku. Wa ya ce muku ina so? Kuma yanzu na gane dalilin da ya sa aka nace sai an nuna fuskata. Wani ya san halinmu sarai, ya gaya musu.

Ka gaida Anti Atine, ka ce na ga ƙoƙarinta. Kawu kuwa, ka gaishe shi don ya zama dole.

Ƙanwarka,
Muhsina

*

Lusail, Doha
Watan Muharram

Yayana,

Sallama da gaisuwa. Yaya damina, yaya yara? Na ji an fara kafa shingen kwano a bakin gada. Inna ta ce mini har yanzu mata na shigowa yi mata barka, kuma ka rage fita. Allah ya buɗa wata ƙofar.

Na sake komawa wurin Rashad da zanena na bayan mayanka. Bai yi faɗa ba. Ya kunna mini bidiyon taron, ya nuna mini Kawu, ya nuna mini zauren da aka yi tsit. Ya tambaye ni ko na fi mutanen sanin abin da suke so. Ya ce a duk ƙasashen da ya yi aiki bai taɓa ganin jama'a masu sauƙin kai irin nawa ba, in yi alfahari da ku. An ƙara mini matsayi, Yaya. Ka faɗa wa Kawu, zai ji daɗi.

Daga ofis nake rubuto maka, don akwai abin da nake so ka ji daga gare ni kafin ka gani a titi. An ba ni aikin tsara allunan da za a kafa a bakin ramin. A cikinsu akwai na abin da aka hana shiga. Kundin alamomin da muke amfani da shi a nan ba shi da hoton adaidaita, don ba su san shi ba. Aka ce ai ga 'yar gari, ta zana.

Yau na zana. Na yi masa ƙafa uku, da rumfa, da direba a zaune ya ɗan karkata gaba yadda kake zama. Na zagaye shi da ja, na ja masa jan layi daga sama zuwa ƙasa. Na yi shi da kyau ƙwarai, don kada a ce 'yarku ba ta iya aiki ba.

Ka gaida Inna.

Ƙanwarka,
Muhsina