Takardar da ta naɗe ƙosai

Garin Isa, daren Laraba

Har yanzu raina a ɓace yake. Makon jiya na ce wa 'yan ajina kowa ya kawo ɗan gero, mu shuka a gwangwani su ga yadda tsiro ke fitowa. Na roƙi hedimasta a yi wa iyaye bayani da Hausa, ko a faɗa a masallaci. Ya ce makaranta ba kasuwa ba ce, ya buga takarda da Turanci aka raba wa yara.

Yau da hantsi sai ga Malam Garba, baban Hadiza, a bakin aji. Ashe yarinyar daga damin irin da ya ajiye don shukar bana ta zaro zangarniya. A gaban yara ya ce, "Malama, in iri kike so, ki tambayi manya. Kada ki koya wa ɗiyanmu sata."

Wai ni ce mai koyar da sata. Hedimasta yana tsaye yana kallo.

Da aka tashi na tsaya sayen ƙosai. Da takardar tamu aka naɗe mini, hatimin makaranta ya jiƙe sharkaf da mai. Mai ƙosan har yabawa take, wai takardar tana da kauri.

Gobe za ni ɗauki gwangwanin Hadiza in kai wa babanta da hannuna. Geronsa ya tsiro. Wannan kam ya iya karanta shi.