Kada A Taɓa Dish Ɗin Baba

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka, kamar yadda ta bar mu. Allah ya ƙara maka buɗi, ya raya mana 'yan biyu, ya sa sanyin can bai kai yadda kake kuka da shi ba. Mu dai sai godiya. Baban yara yana nan yana fama da aiki, yara sun saba da sabuwar makaranta, ƙaramar har ta yi ƙawaye fiye da yadda nake so. Gwaggo ta zo ganin sabon gida, ta hau benen nan tana tsayawa a kowane hawa tana mayar da numfashi. Da ta iso ta ce gida ya yi kyau, Allah ya sa albarka, amma nan gaba mu riƙa sauka muna gaishe ta a ƙasa.

Na san za ka yi dariya ka ce wace irin Yaya ce wannan, ka sha wahala ka sa mata intanet da waya, ita kuma ta koma ga biro da takarda. Da dalili. Sabis ɗin nan ba ya kamawa sosai sai a falo, daf da kujerar Baba, kuma ka san kunnen Baba. In maganar shan magani ce sai ka maimaita har muryarka ta dushe, in kuwa zancensa ake yi ƙasa-ƙasa a kicin, daga ɗaki zai amsa. Saƙon waya kuma yaran nan ne suke fara karanta shi kafin ni. Maganar da zan yi maka ba ta kunnen kowa ba ce.

Ba na gaya maka komai a waya, don kada hankalinka ya tashi, amma tun da muka tare Baba bai ji daɗin gidan nan ba. A tsohon gida, ko bayan rasuwar Inna, yana da bakin ƙofarsa, duk wanda ya wuce sai ya tsaya sun taɓa hira. Nan kuwa hawa na uku ne, ba mai wucewa sai tsuntsu. Ya daina fita ko ƙofar falo, abinci sai ya ɗan taɓa ya ture, wandonsa har ya fara yi masa yawa. Kullum maganarsa ɗaya, a mayar da shi gidansa. Kai ma ka ji abin da likita ya ce, ba a yarda ya sake zama shi kaɗai ba. Na yi kuka a ɓoye ba sau ɗaya ba, don na rasa wanda zan bi, likita ko mahaifina. Shi ya sa da ka ce za ka sa a haɗa masa dish da waya da intanet su ɗebe masa kewa, na yi ta sa maka albarka.

Mai intanet ne ya fara zuwa. Ya ɗora injinsa a bango ya ce zai huda ya fito a falo, sai ga bakin injin ya ɓullo cikin kabad ɗin kayana, ya ratsa ta mayafin da ka aiko mini. Ya dubi mayafin ya ce ai da ma irin wannan yadin da huji-huji ake yayinsa. Ya ajiye mana akwatinsa mai 'yan fitilu ya tafi. Baba ya ce abin nan yana ƙifta masa ido, shi kuma ba sa'ansa ba ne, ya cire hula ya kifa a kai, har yau akwatin nan da hularsa yake aiki. Wayar tebur kuma, ashe lambar da aka ba mu ta wani mai sayar da gas ce a da. Tun safe ake bugowa, a kawo tukunya ɗaya, a kawo biyu. Da farko Baba yana kashewa da faɗa. Daga baya na ji shi yana riƙe mutane, yana tambayarsu ya gida, ya yara, me za a dafa. Wata baiwar Allah sai da ta roƙe shi ya sake ta, girkinta na jira. Yara suna ta dariya, ni ma na yi, amma abin ya tsaya mini a rai.

Sai mai dish. Ya tsaya a barandarmu da wani ɗan abin awo mai ƙara, ya juya gabas, ya juya yamma, ya ɗaga shi sama kamar mai shanya, sannan ya ce Hajiya barandarku ta ba tauraron baya. Na ce to a hau saman bene. Mai kula da gida ya ce ƙofar sama a kulle take, sai da izinin mai gidan, mai gidan kuwa ya yi tafiya. Baban yara, ka san shi da dabara, ya ce shi bai ga abin wahala ba. Ya ɗaure dish ɗin a jikin sandar goge-goge ya zura ta tagar banɗaki, ya ce mu kunna. Wallahi hoto ya kawo, muka ga rabin labarai tsaf, har hannunsa ya mutu ya ce mu zo mu karɓe shi. Mai dish ya gama dariyarsa ya ce wuri ɗaya ne ya rage, barandar maƙwabcinmu, ita ce take kallon inda ake so.

To, ban taɓa ba ka labarin maƙwabcin nan ba. Dattijo ne sa'an Baba, tsohon direban babbar mota, kowa a benen Direba yake ce masa, shi kaɗai yake zaune. Ranar da muka tare, kujerar Baba ta maƙale a matakala, ta hana shi wucewa, ta kuma kankare masa fentin ƙofa. Ya leƙo ya ce wa ya kwaso wannan tarkacen. Kujerar da Baba ya saya da albashinsa na farko a jirgin ƙasa, ita ce tarkace. Baba ya ce wanda ya ƙare rayuwarsa yana shaƙar hayaƙin mota ina zai san kayan daraja. Tun ranar ko sallama ba ta haɗa su ba. Haka na ja mayafina mai huji na je na roƙe shi. Ya bar ni a tsaye na gama bayani, sannan ya ce a kafa, amma in sani saboda yara ya yarda, ba saboda tsohon nan mai kujera ba.

Aka kafa, aka jawo waya ta taga, hoto ya fito tar. Baba ya sami tashar namun daji ya zauna yana ba zaki shawara. Washegari da hantsi, ana tsakiyar bin wata barewa, hoto ya ɗauke ɗif. Muka danna rimot, muka kashe dikoda muka kunna, Baban yara ya hura bayanta, shiru. Da azahar ya dawo da kansa. Kashegari ma haka. Muka kira mai dish, ya zo ya duba wayoyi bai ga komai ba, sai da ya leƙa ta taga ya ce Hajiya zo ki gani. Bargon Direba ne shimfiɗe a kan dish ɗinmu yana shan rana.

Auta, ban taɓa ganin Baba ya miƙe da sauri haka ba tun da ƙafarsa ta fara ciwo. Ya ce a ba shi hula, ba ta kan akwatin ba, ɗayar. Ya buɗe ƙofar da ya yi makonni bai taɓa ba, ya je ya buga ta Direba da sandarsa. Na laɓe ina saurare, hannuna a ƙirji. Baba ya ce dish ba igiyar shanya ba ce. Direba ya ce baranda tasa ce, rana kuma ta Allah ce, in Baba yana da tasa ranar ya kawo. Daga nan ban san yadda aka yi ba, na ji magana ta koma kan jirgin ƙasa da babbar mota, wanne ya fi amfanar jama'a. Baba ya ce jirgi ba ya kauce hanya. Direba ya ce ai don ba shi da wayon kaucewa ne. Can na ji an ja kujera, na ji ƙarar cokali a kofi. Sai bayan azahar Baba ya shigo yana huci, ya ce bai taɓa ganin mutum mai taurin kai irin wannan ba, sannan ya tambaya ko akwai sauran abinci. Ya cinye, ya nemi ƙari.

Haka aka ci gaba. Kullum da hantsi hoto ya ɗauke, Baba ya ɗauki sanda ya tafi yaƙi, ya dawo da yunwa. A lokacin ne na yi maka ƙorafi a waya cewa dish ɗin yana ba mu wahala, kai kuma da zafin namanka ka tasa kamfanin a gaba, ka nemo mai gidan har inda ya tafi, ka samo izinin hawa sama. Na gode, kuma na san don Baba ka yi. Amma bayan nan na ga abin da ban gani ba a da. Ina wanke-wanke wata safiya, ta tagar kicin na hango Direba ya fito da bargon. Busasshe ne ƙaƙas, ko ɗigon ruwa babu. Ya duba hagu, ya duba dama, ya shimfiɗa shi a kan dish ɗin, ya gyara gefe da gefe yadda ba abin da zai tsira, sannan ya koma ciki na ji ya ɗora ruwan zafi. Na leƙa falo in gaya wa Baba, sai na tarar da shi zaune, hoto ko minti ɗaya bai yi da ɗaukewa ba, amma tuni hularsa tana kansa, takalmansa a ƙafa, sanda a kan cinya. Yana ganina ya ce kin gani ko, mutumin nan ba zai daina ba. Na ce wallahi Baba ba shi da kirki, je ka same shi.

Makon jiya kuma sai hoto ya ƙi ɗaukewa. Hantsi ya yi, rana ta ɗaga, zaki yana ta abin da yake so a talabijin, ba mai kallonsa. Baba ya duba agogo, ya gyara hula, ya sake duba agogo. Na ce Baba yau ka huta, ga hoto kamar ka taɓa. Ya ce shi ne abin da bai gane ba, hoton nan ya yi kyau da yawa, ba lafiya ba. Ya tashi ya je ya buga ƙofar Direba, shiru. Ya sake bugawa har mai kula da gida ya hau da mabuɗi. A ƙasa suka same shi kusa da gado, zazzaɓi ya kayar da shi tun safe, ya kasa kaiwa ga waya. 'Ya'yansa duk suna nesa kamar kai. Baban yara ya kai shi asibiti, Baba kuma ya ce ƙafarsa ƙafar Direba, ya sauka benen nan da kansa yana ba kowa umarni. Likitan ya ce da an ƙara jinkiri da labari ya sha bamban.

Yanzu an sallamo shi, yana samun sauƙi, har ya fara cewa tuƙin Baban yara ne ya kusa ƙarasa shi, ba zazzaɓin ba. Tun da ba shi da ƙarfin fita baranda, Baba ne yake zuwa da sassafe ya ɗauki bargon ya shimfiɗa masa a kan dish ɗin, wai bargon mara lafiya yana son rana. Mu da muke da talabijin ba ma ganin komai sai la'asar, yara suna ta ƙunƙuni, na ce su je su yi karatu.

To ga roƙona. Kamfanin sun bugo ta wayar gas ɗin nan sun ce za su turo mai dish mako mai zuwa ya mayar da shi saman bene, inda ba bargon da zai kai. Don Allah ka kira su ka ce an fasa. Ka ce musu duk abin da ka ga dama, amma kada ka tambayi Baba, don zai ce maka a cire yau-yau ya huta da fitinar mutumin nan, kuma in aka cire ban san da wane dalili zai sake buga ƙofar ba. Su biyun ba wanda zai iya buɗe baki ya ce ya zo hira ne kawai. In kun yi waya ya yi maka ƙorafin hoto, ka taya shi faɗa, ka ce kana nan kana bin maganar.

Ka gaishe mini da Maman Biyu da kyau, ka ce mata mayafin yana nan ina sawa. Ka shafa mini kan 'yan biyu. Gwaggo tana gaishe ku, Kawu ma haka, Baban yara ya ce hannunsa ya warke. Yara sun ce a gaya maka ba su yafe zancen talabijin ba. Baba ma ya ba ni saƙo gare ka jiya, yana tsaye a bakin ƙofa da kwanon abincin Direba a hannu. Ya ce in gaya maka a ba Kawu mabuɗin tsohon gida ya zuba 'yan haya, shi yanzu ba shi da lokacin komawa, yana da mara lafiya.

Allah ya sada mu da alheri.

Taka har kullum,
Yayarka