Abin da Safiya ta gada

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan makwancinki na da sanyi.

Inna, har yanzu ina nan da karatun nan da kike cewa na tonon kaburburan harsuna. Makon jiya malaminmu ya rubuta mana *bīdaną, wata kalma ta kakannin Jamusawa da Ingilawa, wai "jira" take nufi. In jiran ya riga ya wuce, sai wasalin cikinta ya sauya ta koma *baid. Asalinta ma, in ji shi, daga wata tsohuwar kalma ce mai nufin yarda da mutum.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ba wanda ya taɓa ganinta a rubuce, ba kuma mai rai da ya ji ta a bakin masu ita. Daga bakin jikoki aka tsinto ta, guntu nan guntu can, aka harhaɗa. Shi ya sa ake sa mata tauraro a gaba, alamar zato ne.

Ke na tuna, kina zaune a ƙofar gidanmu na unguwar Nakkasa, a nan ƙasa mai tsarki, kafin a rushe shi, kina yi wa 'yata Safiya Hausa tana amsa miki da Larabci. Kullum sai ki ce, "Bar ta, bakinta zai buɗe." Haka kika yi ta jira. Yau ni kaɗai na rage mai Hausa a gidan nan, tawa ma ta fara tsatsa, kuma tsoro nake ji kada ta bi ni kabari.

Ranar Juma'a muna cin abinci a gidanmu na unguwar Utaibiyya, Safiya ta dafa gwiwa za ta miƙe, sai ta ce, "Wash, Allah na gode maka." Da muryarki, Inna! Har jan numfashin nan naki. Sai da na waiga wajen ƙofa.

Na tambaye ta inda ta samo. Ta ce ba ta sani ba, haka kawai yake fito mata, wai mene ne ma'anarsa? Na buɗe baki zan yi mata bayani da harshenki, na laluba na rasa. Da Larabci na gaya mata.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya haɗa mu a inda za ki kira ta ta amsa.

Ɗanki mai kewarki,
Bashir