Dutse na Uku a Murhun Amirka

Greensboro, Nuwamba 1996

Maigidana Jibrila,

Cinko wannan: wane murhu ne mai duwatsu biyu, aka kawo ƙaramin na uku, aka rasa ko tallafar tukunya yake ko karkata ta?

Bayan gaisuwa, yaya uwarka da ciwon ƙafarta? Ni lafiya lau, sai sanyi da rashin abokin hira.

Na ji ruwa ya sake ɗaukewa gero yana bununi. Ka ce in gaya wa Amirkawa su rage hayaƙinsu. Jikana, da wane Turancin?

Kawunka Hudu ya ba wata ƙaramar jam'iyya mai kukan ɗumamar duniya ƙuri'arsa. Matarsa Sa'ida ta ce, "Malam, ka zubar da ita! Ka rage wa masu ɗan saurarenmu, ka taimaki masu hayaƙi." Ya ce, "Manyan jam'iyyun biyu ba sa motsi sai an tsorata su." Tun daga wurin zaɓe a titin High Point Road suke musu har gida. Ni da na san fari, ba ni da ƙuri'a. Addu'a kaɗai zan iya aiko maka. Allah ya kawo damina mai albarka.

Kakarka, Jimmai.

Af, na manta. Murhun dai zaɓen ƙasar nan ne, tukunyar kuma gonarka ce.