Maigida, Tabon Baturenka Ya Sauya Kunci

Zuwa ga Maigida, wanzamin unguwarmu, wanda ya riga mu gidan gaskiya.

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, da fatan Allah Ya sa kana cikin ni'ima. Ni ce dai tsohuwar da ka bari a Funtuwa, a gidan nan namu da ya jingina da katangar silima. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san ajin yaƙi da jahilci ne iyakar bokona. Na kuma san wasu za su leƙa wasiƙar nan. Su karanta abinsu, ba da su nake ba.

Ƙara na kawo maka. Baturen nan naka, ɗan leƙen asiri, ya kusa sa a raba ni da kan soro.

Ka tuna yadda muke yi. In an idar da isha sai ka riƙe mini tsani in hau, ka biyo ni da tabarma da goronka, mu zauna muna hango farin bangon silima ta saman katanga. Ba mu jin Turanci, don haka kowa a fim ɗin mu muka raɗa masa suna. Shi Baturen mai baƙar kwat, kai ka sa masa Mai Tabo, saboda zanen da ke kuncinsa. Ana ta harbe-harbe, motoci na faɗawa rami, kai kuwa idonka na kan kuncin mutum. Ka ce, "Wannan ba yankan faɗa ba ne, tsagar gidansu ce. Kuma wanzamin da ya yi tsagar, hannunsa na rawa." Ka ji haushin wanzamin nan kamar a unguwarmu yake aiki.

Washegari da la'asar matan unguwa su taru a tsakar gidanmu da audugarsu da mazarinsu, ana kaɗi ina ba su labarin. Na yarda ina sa gishiri. Ni na sa Mai Tabo ya iya gaisuwa, har yakan tambayi mugu lafiyar iyali kafin ya naushe shi. Amma ka shaide ni, ba na taɓa ƙashin labari. Wanda ya mutu ya mutu, abin da ya ƙone ya ƙone.

Uku muka gani tare. Damina biyu bayan tafiyarka aka kawo na huɗu, na hau ni kaɗai.

Maigida, abin da na gani! Ka tuna Gajere, direbansa, wanda ya faɗa kogin kadoji a fim na biyu, har ka cire hula ka yi masa salati? To, ga shi nan a bayan sitiyari, ya yi ƙiba ma. Ba wanda ya ce masa barka da arziki. Motar da ta ƙone ƙurmus muna kallo, ita ce yake tuƙawa, tana ƙyalli. Mugun nan mai sanƙo da aka datse wa ɗan yatsa, na ƙirga, goma cif. Mai Tabo ya faɗa ruwa da kwat, ya fito kamar yanzu mai guga ya miƙo masa. Duk wannan na haɗiye. Sai ya juyo fuska, na ga tabon ya tashi daga kuncin da muka san shi ya koma ɗayan.

Na faɗa wa mata yadda na gani, ban ƙara ba ban rage ba. Nan fa Laraba ta tsayar da mazari. Ka san ta, Bamagujiyar nan ta Ƙarfi mai kawo mana auduga, wadda duk 'ya'yanta kai ka yi wa tsaga. Ta ce, "Tsaya, Iya. Shekarun baya kin binne mana Gajere, har na yi masa hawaye, yau kin tono shi. Wannan na bar miki. Amma tsaga? Ke matar wanzami ce, yaushe tsaga ta fara ƙaura? Ko dai wani mutum ne daban, ko kuwa kanki ya fara yoyo." Aka yi dariya, ni ma na yi, don ban san maganar za ta yi ƙafa ba.

Ta yi ƙafa har Malumfashi. Ranar Juma'a sai ga ɗanka Audu, malamin gona, a kan babur, fuska a haɗe kamar ya zo duba gonar da tsutsa ta ci. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce cikin ladabi, "Inna, tsufa ba abin kunya ba ne. In ido da kai sun fara gajiya, hawan tsani ya zama haɗari." Ya ce da an gama kasuwar auduga zai ɗauke tsanin, ni kuma in koma wurinsa in zauna da jikoki. Jikokin ina son su, ka sani. Amma gidan Audu ba abin da ake hangowa sai rumbun maƙwabci.

Na ce kaina garau yake. Ya ce to, a wane kunci tabon yake a da? Na ɗora yatsa a hagu. Sai na tuna ai Baturen fuskantarmu yake yi, na mai da yatsa dama. Sai na sake mai da shi. Audu ya dubi Laraba da ke zaune gefe da mazarinta, Laraba ta dubi ƙasa. Ran nan tuwo bai shiga cikina ba.

Kai ka fid da ni, ko da yake ba ka nan. Ina gyara zabirarka sai na ga ɗan ƙullin zaren da kake ajiyewa tare da aska. Ka tuna, in an kawo maka jariri ranar suna ba ka tambayar hagu ko dama. Sai ka ɗaura zare a hannun cin tuwonsa tukuna, sannan ka ɗauki aska. Ka sha faɗa mini cewa wanzami na fuskantar yaro, damarsa ce hagun yaron, kuma a nan ne ake yi wa ɗan mutane tsagar da ba ta gidansu ba. Na zauna na rufe ido. Mai Tabo da hannun cin tuwo yake riƙe bindiga. A da, in ya ɗaga ta, tabon na gefenta. A sabon nan kuwa yana can ɗaya gefen. Sai na tashi na ɗumama tuwona.

Saura shaida. Ka san halin masu silima, fim a gwangwani yake zuwa musu ta jirgin ƙasa, in sabo bai iso ba sai su maimaita tsoho. Na roƙi mai gyaɗar bakin ƙofa ta sa mini kunne. Mako uku sai ta aiko, ran Asabar za a sa na biyu, ran Lahadi na huɗu. Na aika wa Audu ya zo da shirin kwana biyu. Laraba kuwa na ce ko ta hau soro ko ta nemi wani gidan kaɗin.

Da ka ga hawan Laraba. Kowane mataki sai ta kira sunan wani kakanta. Da ta kai sama ta zauna daɓas ta ce, "Iya, in na faɗo a kai gawata Ƙarfi, kuma a gaya musu Bature ne sanadi."

Na kama hannun cin tuwon ɗanka, mutum mai 'ya'ya biyar da agogo, na ɗaura masa zare kamar ɗan kwana bakwai. Na ce kada wanda ya ce mini hagu ko dama, a dubi bindiga kawai. Da Mai Tabo ya ɗaga ta, su biyun suka ce tabon na gefenta. Na ɗauki allin kaɗi na zana wa Audu a kuncin gefen zare, na ce kada ya wanke sai don alwala, in ya yi kuma in sake zanawa. Da Gajere ya faɗa wa kadoji, Laraba ta sake yin kuka, wai ganin ido ya fi ciwo.

Ran Lahadi muka koma. Ana farawa mota ta tsaya, direba ya leƙo. Laraba ta miƙe tsaye ta ƙwala ihu, "Fatalwa! Wallahi shi ne!" Mutanen cikin silima kaf suka waiwayo suna neman inda muryar ta fito. Sai Mai Tabo ya ɗaga bindiga. Audu ya dubi bango, ya taɓa allin kuncinsa, ya dubi zaren hannunsa. Sai ya fashe da dariya irin taka, mai girgiza kafaɗa, ya ce, "Inna, ashe Turawan ne ya kamata a ɗauke wa tsani."

Tsanin dai ya ɗauke shi, ɗanka ne, ba ya janye magana. Amma ya kawo magini ya yi mini matakala ta ƙasa, mai faɗi, da ɗan bangon dafawa. Laraba ta ba ni haƙuri rabi. Ta ce kaina lafiya lau, amma ita har gobe ba ta yarda mutum ɗaya ba ne, wa da ƙane ne, kuma a bincika inda aka kai wan. Matan kaɗi sun rabu biyu a kan haka, kullum sai an yi gardama. Taron ma ya ƙaru.

Akwai abin da ban gaya wa Audu ba, kai zan gaya wa. Ran da yatsana ya yi ta yawo a fuskata, ba soron kaɗai na ji wa tsoro ba. Ka ƙi mai hoto duk rayuwarka, ka ce ba ka da lokacin tsayawa a dube ka. Ba inda fuskarka take sai a kaina. Na ce in kuncin Bature ya ɓace mini yau, gobe na wa zai ɓace? Shi ya sa na duba ka a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Bille ɗaya a gefen hannun cin tuwo. Tabon ƙaho a ƙeya. Girar da take ɗagawa in za ka yi mini tsiya. Komai na nan inda ka bar shi, ba abin da ya gusa.

Allah Ya haskaka makwancinka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya saka maka da hannun da bai taɓa rawa a fuskar ɗan kowa ba. Allah Ya bar mini kaina har ranar da za a kira ni, in zo in gane ka tun daga nesa.

Ka huta lafiya.

Ni ce taka,
Iya ta gidan wanzamai, Funtuwa.