Takardar da Na Sa a Firam

Litinin, 3 ga Maris

Ambulan ɗin 'yata Injiniya ya iso shago da hantsi, na sa hannu na karɓa. Takardar sakamakonta ce ta shekara biyun da ta yi a kwalejin fasaha. Jami'a ta ce in an kawo, za su lissafa mata darussan da ta ci, ta shiga aji uku kai tsaye. Adireshina ta bayar don gidan da take haya a garin aikinta ba shi da lamba. Tun kafin ya iso ta ce min a waya, "Baba, ajiye min kawai, kar ka buɗe." Na ce to.

Na buɗe. Takardar 'yata, a shagona, da sa hannuna. Na ga maki, wallahi sai da na zauna. Ni da na tsaya a sakandare, na fara da abin yanka gilashi guda ɗaya a aljihu.

Talata, 4 ga Maris

Na yi mata firam. Na rage gefen takardar da reza don ta zauna daidai, na manna ta da gam a jikin katako kamar yadda nake yi wa kowane hoto, ba za ta taɓa lanƙwashewa ba. Gilashi mai kauri, baki ruwan zinare. Na rataye a saman teburin awo. Tela maƙwabcina ya leƙo ya ce, "Maigida, kai ka ci jarabawar ko ita?" Na ce jini ɗaya ne.

Alhamis, 6 ga Maris

Uwar yara ta biyo ta shago, ta gani, ta dafe ƙirji. Wai yarinyar ta yi mata bayani tun watan jiya: jami'a ba ta karɓar takardar sai a rufe, da hatimin kwaleji a bakin ambulan, don kar wani ya taɓa makin. Wadda aka buɗe ta mutu. Na ce wace irin doka ce wannan, makin ya canza ne don uba ya kalla? Ta ce, "Ba ni za ka tambaya ba. Ranar ashirin da ɗaya suke rufewa."

Na sauke firam ɗin. Na gwada ɓamɓaro takardar da wuƙa. Gam ɗina ne, na san ba ya saki. Kusurwa ɗaya ta yage na bari.

Juma'a, 7 ga Maris

Ta kira. "Baba, ya zo?" Na ce bai zo ba tukuna.

Ban shirya faɗin haka ba. Bakin ne ya riga ni.

Litinin, 10 ga Maris

Na yi lissafin zan je kwalejin da kaina in karɓo wata a ɓoye, shi ke nan ba wanda ya ji. Na kira lambar da ke jikin ambulan. Wata mata ta ce ba a ba kowa sai mai takardar ta nema da kanta, kuma sati huɗu ake yi. Na ce ni ubanta ne. Ta ce, "Ko kakanta ne." Na kashe.

Yau na yanka gilashin taga biyu ba daidai ba. Rabon da in yi haka har na manta.

Laraba, 12 ga Maris

Uwar yara ta daina yi min maganar. Ta ajiye abinci, ta tashi. Gara ma ta yi faɗa.

Alhamis, 13 ga Maris

Injiniya ta ce ta rubuta ƙara ga shugaban kwalejin a kan matar ofishin takardu, wai ta yi sakaci da saƙonta. Ta karanta min wasiƙar a waya. "Shekara biyu, Baba. Da rana aiki, da yamma aji. Wata can ta zauna a kansu." Na ce ki yi haƙuri, ma'aikatan yanzu sai a hankali.

Ni na faɗi wannan. Da bakina. Firam ɗin na jingine a bayan katakai, taku uku daga inda nake tsaye.

Asabar, 15 ga Maris

Mutum ya yi abu don alfahari da 'yarsa, ina laifin? Na rubuta wannan na karanta sau uku, bai shige ni ba. Ta ce kar ka buɗe. Na ji sarai. Kawai ban saba a ce min kar ba ne, musamman wadda na koya wa tafiya.

Litinin, 17 ga Maris

Injiniya ta ɗauki hutu ta je kwalejin. Matar ta fito mata da takardar mai kawo saƙo. Kwanan wata, uku ga wata. Sa hannu, nawa, mai dogon jela da nake taƙama ba mai iya kwaikwayo.

Ba ta kira ba. Da la'asar sai ga ta a ƙofar shago da jakarta. Ta gaishe ni yadda ta saba, har da rusunawa. Sannan ta ce, "Ina take?" Na janyo firam ɗin. Ta daɗe tana kallo, ta shafa bakin zinaren da yatsa. Ta ce, "Ya yi kyau, Baba. Aikinka ba ya muni."

Da ta zage ni da na samu abin riƙewa.

Laraba, 19 ga Maris

Mun je kwalejin tare, awa uku a mota. Matar ofishin dattijuwa ce mai tabarau, shekara goma sha tara a kujerar, ba a taɓa rubuta ƙara a kanta ba sai ta dalilina. An riga an kira ta gaban shugaba. Ta miƙo min farar takarda da biro ta ce, "Rubuta abin da ya faru, Malam. Da hannunka."

Na rubuta a tsaye, a kan kantar ofishin, ɗalibai na layi a bayana. Na karɓa. Na buɗe. Na ce bai zo ba. Layi uku, sun fi min ɗaukar gilashin bene nauyi. Ta karanta ta ce, "Ka manta kwanan wata." Na sa. Na ce ki yafe min. Ta ce, "Ni mai sauƙi ce," ta kalli Injiniya.

Za ta hanzarta fitar da wata takardar, amma sai shugaba ya sa hannu, shi kuma ya yi tafiya.

Juma'a, 21 ga Maris

An rufe.

Talata, 25 ga Maris

Jami'a ta ba ta zaɓi. Ko ta shiga yanzu daga aji ɗaya, ko ta jira ɗiban ɗalibai na Satumba a lissafa mata shekarunta biyu. Za ta jira. Wata shida. Abokan karatunta biyu sun fara jiya. Na ce ko in je in ga wani a jami'ar, na san mutane. Ta ce, "Baba, don Allah." Na bar maganar.

Wannan karon adireshin wurin aikinta ta bayar. Uwar yara ce ta gaya min. Daidai ne. Amma dai.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Wani ɗan kasuwa ya kawo takardar shaidar ɗansa, yana so a manna a yi firam babba na falo. Na tambaye shi ko yaron ya sani. Ya ce, "Kai aikinka firam ne ko bincike?" Na ce ya je ya yi hoton takardar in sa masa hoton, ta asalin ya mayar wa mai ita. Ya yi tsaki ya tafi wani shago. Tela ya ce na fara tsufa. Ba wani abu ba ne, gam ɗin ne ban yarda da shi ba kwanan nan.

Da yamma na kira Injiniya. Na ce akwai abin da ban gane ba, yaya ake lissafa darasin wata makaranta a wata makarantar, waye ke aunawa, da me. Sannan ta ce, "Kana da biro a kusa?" Na ce ina da shi. Ba ni da shi, sai da na tashi na nemo.