Jan Katin da Ke Wuyana

Zuwa ga Alhaji, shugaban makarantarmu da ke Ƙanƙara, da kuma iyayen da ke shirin kawo 'ya'yansu zango mai zuwa.

Assalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu.

Bayan gaisuwa ta girmamawa irin wadda ɗiya ke yi wa mahaifinta, ina fatan Alhaji yana cikin ƙoshin lafiya tare da iyali da malamanmu baki ɗaya. Sunana Rabi'atu, 'yar aji ɗaya a babbar sakandare, wadda aka kawo daga Sabuwa farkon shekarar karatun nan. Idan sunan bai tuna wa Alhaji kowa ba, ni ce yarinyar nan da ke tsayawa gaban asambule kowace Litinin da jan kati a wuya.

Zan fara da abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, har Innata. Ni na zaɓi makarantar nan, kuma ba don hadda na zaɓe ta ba kamar yadda na gaya wa Baba, duk da ina son haddar. Allon tallanku na bakin hanya ne ya ja ni. Akwai hoton 'yan mata biyu a jikinsa, cikin farin hijabi, sun haɗa kai a kan littafi ɗaya suna dariya. Alhaji ya gafarce ni, ni mai karanta littattafan soyayya ce. Mutane suna zaton saboda saurayin nan mai mota muke karanta su. Ni ba shi ke tsaya mini a rai ba. A kowane littafi yarinyar labarin tana da aminiya, wadda take faɗa wa komai, su yi faɗa da safe su shirya kafin Azahar. Ita nake karantawa don in gani. A gida ana ce mini kurma saboda rashin maganata, ban taɓa yin aminiya ba. Da na ga hoton nan daga tagar mota sai na ce a raina, ashe a nan suke.

Dalilin wannan wasiƙa shi ne, Baba ya bugo wa Gwaggo, ƙanwarsa da nake zaune wurinta, waya cewa zai zo ranar kasuwa mai zuwa ya ɗauke ni hutu, kuma yana so ya yi wa ƙanwata Ummi rajista kafin ya koma. Maƙwabtanmu biyu ma suna jiran su ji. Abin da ya ce shi ne, "Abin da Rabi ta faɗa shi za mu bi, ita ta gani da idonta." To ni kuwa ban san abin da zan ce masa ba, shi ya sa na fara zuwa wurin Alhaji.

Na ɗaya: abin da aka nuna mana da abin da ba a nuna mana ba.

Da na gama ƙaramar sakandare, Baba ya zaunar da ni a zaure ya ce hanya uku ce a gabanmu. Ga ta gwamnati kusa da gida, yau a buɗe gobe a rufe, gwargwadon labarin da ya fito daga daji. Ga ta kwana, wadda tun abin da ya sami yaran ƙasar nan ya rantse ba ɗansa da zai kwana ƙarƙashin rufin da ba na dangi ba. Sai taku ta je-ka-ka-dawo, tunda ƙanwarsa tana aure a Ƙanƙara, sai in zauna wurinta. Ranar da muka zo, bayan motar haya ta gama wujijjiga mu ta hanyar Sheme, aka zagaya da mu. An nuna mana ɗakin kwamfuta, da fankoki, da masallaci, da motar da ke mayar da yara gida. Baba ya tambayi ma'anar intanashinal da ke jikin allo, aka ce masa karatu ne irin na ƙasashen waje. Ni har na fara tunanin yadda zan gaida 'yan Misra. Bayan wannan, tambaya biyu kawai ya yi: ana sallar Azahar cikin jam'i? Kuma yara suna isa gida da sauran rana? Aka ce masa ƙwarai. Ya ɗaga kai ya dubi tsawon katanga, ya ce shi ke nan.

Babu wanda ya ambaci jan kati. Da an ambata, na san Baba, da ya yi tambaya ta uku.

Na biyu: yadda katin yake aiki, don iyayen da ba su sani ba.

Ɗan katako ne kamar tafin hannu, an shafa masa jan fenti, an zura masa igiya. Kowane aji da nasa. Duk wadda aka ji ta yi Hausa, banakula kamar yadda ake cewa, ita ake rataya wa. Amma ba malami ke rataya shi ba. Wadda ke ɗauke da shi ita za ta nemo wata ta miƙa mata. Wadda aka tashi yana wuyanta, ita za ta tsaya sharar aji bayan kowa ya fita, kuma mota ba ta jiran mai shara. Wadda ya kai wa ƙarshen mako, ranar Litinin ta fito gaban asambule ta ba da haƙuri da Turanci.

Ni ina iya karanta Turanci, ina ɗan rubutawa, amma a makarantar da na baro har darasin Turancin da Hausa ake yi mana shi. In na buɗe baki sai kalmomin su ƙi fitowa. Don haka makonnin farko sai na kama bakina. Ina amsa sallama, ina karatun Alƙur'ani, bayan wannan shiru. Lokacin tara, in an fito cin abinci, nakan ɗauki awarata in koma gindin bishiyar bedin bayan masallaci in ci ni kaɗai, ina kallon masu tafiya bibbiyu.

Wata rana a wurin alwala, wata yarinya 'yar ajinmu ta tsuguna kusa da ni. Ba zan faɗi sunanta ba, kuma ina roƙon kada a neme ta. Ta ɗauki buta ta zuba mini ruwa a hannu, ta yi ƙasa da murya ta ce, "Ke ɗiyar Sabuwa ce ko? Kakata can take. Mi ke damunki ne, kullum ke kaɗai kamar wadda aka yi wa rasuwa?"

Alhaji, tunda na zo garin nan ba wanda ya tambaye ni abin da ke damuna. Ban san lokacin da bakina ya ɓalle ba. Na ba ta labarin Inna, da akuyata da ta haihu bayan na taho, da yadda furar nan garin ba ta yi mini daɗi, da yadda nake tsoron ranar Litinin. Tana gyaɗa kai tana cewa "Allah sarki." A raina har na gama tsara yadda za mu zauna benci ɗaya, in ara mata littattafaina, in kai ta gidanmu da hutu. Da na kai aya sai ta sa hannu cikin hijabinta ta zaro katin. Ashe yana ƙasan hijabi tun safe. Ta rataya mini, ta ba ni haƙuri da Turanci, ta ruga sahun salla. Na yi sallar nan a bayanta, ban san abin da na karanta ba.

Ba na riƙe ta a zuci. Daga baya na ji gidansu can bayan gari yake, in mota ta tafi ta bar ta, mahaifiyarta ba ta zama sai ta ga shigowarta. Ta duba ajin ta ga wadda ta fi kowa ƙishin a yi mata magana, ta zo. Haka dokar ta koya mata.

Na uku: dalilin da ya sa har yanzu yana wurina.

Malamin ajinmu ya faɗa a gaban kowa cewa bai taɓa ganin mai taurin kai irina ba, kullum banakula. Alhaji, sau ɗaya na yi Hausa a makarantar nan. Wannan ranar ce kaɗai. Katin bai bar wuyana ba ne saboda ban miƙa wa kowa ba. Na sha jin Hausa a bayana, a layin famfo, a cikin aji in malami ya fita. Sai in tuna yadda igiyar nan ta sauka a wuyana hannuna na jiƙe da ruwan alwala, in ji ba zan iya yi wa wata haka ba. Kuma ni a saman hijabi nake rataya shi, don kowa ya gan shi tun daga nesa.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi mini ciwo. Tunda suka lura ba na miƙawa, ajinmu ya sami sauƙi. Suna hirarsu da Hausa son ransu. Amma da na matso sai a yi tsit, ko a watse, don ba wadda ta yarda cewa ba zan gaji wata rana ba. Bencin da nake zaune ni kaɗai ce a kansa. Sun sa mini suna Hajiyar Banakula. Wata takan ce, "Ku matsa, ga mai kayan nan ta taho," a yi dariya a tsere.

Kullum ni ke shara. In na gama, mota ta daɗe da tafiya, sai in bi ta bayan kasuwa a ƙasa, ni kaɗai, a garin da ba a barin yarinya ta je ɗibar ruwa ba rakiya. Gwaggo tana zaton ƙarin hadda nake tsayawa yi, har tana yi wa maƙwabta alfahari da ni, ni kuma na kasa gyara mata. Wannan ita ce tambayar Baba ta biyu, Alhaji, wadda aka amsa masa da ƙwarai.

Turancin kuma da aka yi duk wannan dominsa, a baki bai ƙaru ba, don ba wanda nake yi da shi. Jimla ɗaya na ƙware a kai, ta ba da haƙuri. Yanzu ina faɗinta ba gargada, har an daina dariya.

Na huɗu, kuma a taƙaice. Ba zan zalunci makarantar nan ba. Haddata ta yi nisan da ban zata ba, malamar haddarmu mace ce mai haƙuri, malamin lissafi ba ya fashi, ana salla a kan lokaci. Amma ita wannan malamar ce ta karantar da mu cewa Allah ya hana Musulmi bin diddigin ɗan'uwansa da yi masa leƙen asiri. Muka fito daga darasin, kowa na kallon ƙirjin kowa, ko akwai abin da ya ɗan turo ta ƙasan hijabi. Ni ƙaramar yarinya ce, ban isa in yi wa malamai fatawa ba. Na dai kasa haɗa biyun a kaina.

Ummi ba irina ba ce. Bakinta ba ya shiru, har da kaji take hira, in ta ga baƙuwa kafin a kawo ruwa ta san sunan 'ya'yanta. In aka kawo ta nan a yadda ake, ko dai ta koma shiru kamar ni, ko ta koyi ɓoye kati a ƙasan hijabi tana yi wa mutum murmushi. Na biyun ya fi ba ni tsoro.

Saboda haka ina roƙon Alhaji, cikin ladabi, a janye katin nan daga dukkan azuzuwa. Idan dole sai an hukunta mai Hausa, malami ya yi da kansa, kada a sa ɗaliba farautar 'yar'uwarta, kuma kada hukuncin ya raba yaro da motar gida. A ware mana wani lokaci, mu da muka zo daga makarantun ƙauye, a koya mana magana da Turanci inda za mu yi kuskure ba a tara mana jama'a ba. A bar mu mu yi harshen iyayenmu ko da lokacin tara ne da wurin alwala. Ku kuma iyaye, in kun zo zagaye, bayan katanga da masallaci, ku tsaya har a fito tara ku ga ko akwai yaron da ke cin abinci shi kaɗai, ku tambayi dalili.

Idan aka gyara, wallahi da bakina zan ce wa Baba ya kawo Ummi, don akwai alheri a nan. Idan ba a gyara ba, zan karanta masa wannan wasiƙar daga farko har ƙarshe, har da zancen hoton, ya yanke abin da ya gani.

Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya da nisan kwana, ya saka masa da alheri kan ɗawainiyar da yake yi da 'ya'yan mutane, ya tsare makarantar nan da duk wanda ke shiga cikinta, ya kawo mana zaman lafiya a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da ƙasa baki ɗaya. Amin.

Na san da Hausa na yi rubutun nan, kuma laifi ne a dokar makaranta. To katin dai yana wuyana, babu abin da za a ƙara mini. Da farko na yi niyyar in tura ta ƙarƙashin ƙofar ofis ba suna, in gudu. Na fasa. Gobe Litinin, in aka kira ni gaban asambule, ba zan faɗi jimlar nan ba. Zan taka har inda Alhaji yake tsaye, in durƙusa in miƙa masa takardar nan hannu da hannu, da katin a naɗe a ciki. Ba rataya wa Alhaji zan yi ba, Allah ya kiyaye. Kayan makaranta ne, ni dai ban sami wadda zan iya ba wa ba.

Wassalam.

Ɗiyarku,
Rabi'atu, daga Sabuwa.